Manhajar lissafina tana ɓacewa da zarar na buɗe ta, shin in kashe tsaron kwamfutar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ce nake riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfani, kuma na daɗe ina aiki da wata tsohuwar manhajar lissafi da aka saya da lasisinta, wadda yanzu take kan kwamfutar ofis mai Windows 11. Kwanan baya ƙanena, wanda yake da sha'awar harkar kwamfuta, ya shiga saitin tsaro ya kunna duk abin da ya tarar a kashe, saboda ya ji labarin masu kulle fayilolin mutane suna neman kuɗin fansa. Tun daga ranar, idan na danna manhajar sai tambarinta ya bayyana na ɗan lokaci, sannan ta ɓace ba tare da wani saƙo ba. Na cire ta na sake ɗorawa, amma ba ta canza zani ba. Wani abokin aikina ya ce in kashe rigakafin kwamfutar gaba ɗaya in huta, ƙanena kuma ya ce idan na yi haka kada in kuka da kowa. Ƙarshen wata ya matso, kuma lissafin albashin ma'aikata yana cikin wannan manhaja. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kashe tsaron kwamfutar gaba ɗaya, domin kwamfutar da ke ɗauke da albashin mutane da asirin kamfani ita ce ta fi kowace cancantar a tsare ta, kuma matsalar da kika bayyana tana da maganin da bai kai ga haka ba. Abokin aikinki ya hango gaskiya da ya ɗora laifin a kan saitin tsaro, tunda manhajar ta daina tashi ne a ranar da aka taɓa saitin, sai dai maganin da ya kawo ya fi cutar illa. Ƙanenki ma tsoronsa yana kan hanya, kuskurensa kawai shi ne ya kunna abubuwa da yawa a lokaci guda ba tare da ya gwada manhajojin da ake aiki da su bayan kowanne ba. Tsaron Windows matakai ne daban-daban, kowanne da aikin da aka ɗora masa, kuma galibi ɗaya ne tak daga cikinsu yake tare manhaja irin taki. Idan maigadi ya hana baƙon da kika sani shiga gida, ai ba korar maigadin ake yi ba, fitowa ake yi a shaida masa cewa wannan namu ne, shi kuma ya ci gaba da tsare ƙofarsa. Aikin da ke gabanki ke nan, wato ki gano matakin da ya tare ta, ki buɗe mata hanya ita kaɗai.

Kafin ki taɓa kowane saiti, ki nemo fayil ɗin da manhajar take ajiye bayanan kamfani a cikinsa, ki kwafe shi zuwa filashi ko faifan waje, sannan ki zare filashin daga jikin kwamfutar ki adana. Na fara da wannan ne saboda kin ce kin cire manhajar kin sake ɗorawa, alhali wasu tsofaffin manhajoji suna ajiye bayanansu a cikin foldar da aka ɗora su, ta yadda cirewa kan iya tafiya da su. Ki tabbatar fayil ɗin yana nan, girmansa bai koma sifili ba, kuma kwanan watan da ke jikinsa ya yi daidai da ranar ƙarshe da kika yi aiki. Ba abin mamaki ba ne da sake ɗorawar bai yi amfani ba, domin shingen yana cikin saitin Windows, saboda haka ko sau nawa aka ɗora manhajar za ta tarar da shi a inda yake. Ki daina maimaita wannan.

Duk da cewa manhajar tana ɓacewa shiru, Windows tana rubuta abin da ya faru, kuma daga wannan rubutun ya kamata bincike ya fara, ba daga hasashe ba. Ki danna manhajar ta sake faɗuwa, ki duba agogo ki riƙe lokacin, sannan ki buɗe Windows Security, ki shiga Virus & threat protection, ki danna Protection history. A nan ake jera duk abin da rigakafin ya tare ko ya killace, tare da rana da lokaci. Idan kika ga wani bayani da ya yi daidai da lokacin da kika riƙe, ki buɗe shi, za ki ga sunan fayil ɗin da aka tare da kuma dalilin tarewar.

Wanda na fi zargi, bisa ga abin da ƙanenki yake gudu da kuma yadda manhajar take faɗuwa, shi ne matakin da ake kira Controlled folder access. Microsoft ta shigo da shi cikin Windows 10 a sabuntawar watan Oktoba na 2017, shekarar da manhajar fansa ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ciki har da na asibitoci a Birtaniya. A kashe yake zuwa, don haka duk mai neman kariya daga masu neman fansa shi ne abin da zai fara kunnawa. Aikinsa shi ne ya hana duk manhajar da bai amince da ita ba yin rubutu ko canji a cikin wasu foldoji, kamar Documents da Pictures da Videos da Music. Bai hana karantawa ba, rubutu kawai yake hanawa. Tsohuwar manhajar lissafi kuwa, da zarar ta tashi, takan buɗe fayil ɗin bayananta da niyyar rubutu, takan kuma ƙirƙiri wani ɗan ƙaramin fayil a gefensa da ke nuna cewa ana aiki da shi, kuma idan duk wannan yana cikin Documents ne sai Windows ta ƙi. Waɗanda suka rubuta manhajar shekaru da dama da suka wuce ba su taɓa tsammanin za a hana ta rubutu a foldar mai kwamfuta ba, shi ya sa ba su tanadi saƙon da za ta nuna ba, sai kawai ta mutu. Wannan ya yi daidai da abin da kika gani, wato tambari ya bayyana sannan komai ya ɓace.

Idan shi ne, gyaran ba shi da wuya kuma ba ya buƙatar a kashe komai. A cikin Virus & threat protection ki gangara zuwa Manage ransomware protection, ki danna Allow an app through Controlled folder access, sannan Add an allowed app, ki zaɓi Recently blocked apps. Za ki ga jerin abubuwan da aka tare kwanan nan, sai ki zaɓi manhajarki. Akwai wani abu da mutane da yawa suke tuntuɓe a kansa a nan, wanda nake so ki kula da shi sosai. Manhajar lissafi sau da yawa ba fayil ɗaya ba ce, tana da mataimaka, kamar injin da ke sarrafa rumbun bayanai, da wanda ke yin kwafin ajiya, da wanda ke fitar da rahoto, kuma kowannensu sai an ba shi izininsa daban. Saboda haka ko da ta tashi, kada ki ɗauka an gama. Ki shigar da bayani na gwaji ki ajiye, ki fitar da rahoto, ki yi kwafin ajiya daga cikin manhajar, ki rufe ta ki sake buɗewa, sannan ki koma Protection history ki ga ko an sake tare wani abu. Ya fi muni a ce manhaja ta buɗe tana karɓar aiki amma ba ta iya ajiye shi, domin sai bayan an yi wahala ake ganewa. Ki kuma sani cewa jerin nan na izini daban yake da jerin Exclusions na rigakafin ƙwayoyin cuta, wato jerin abubuwan da aka ce rigakafin ya daina dubawa, kuma sanya manhaja a cikin Exclusions ba ya ba ta damar rubutu a foldojin da aka tsare. Mutane sukan rikita su, su buɗe ƙofar da ba a buƙata, matsalar kuma ta ci gaba.

Idan Protection history bai nuna komai ba, sai ki koma ga bayanan faɗuwar ita kanta. Ki rubuta reliability a wurin bincike na Start ki buɗe View reliability history, inda za ki ga jadawalin kwanaki da jajayen alamomi a ranakun da wata manhaja ta faɗi. Wannan jadawali zai tabbatar miki ko faɗuwar ta fara ne a ranar da ƙanenki ya taɓa saitin ko kuwa ta zo ne tare da wata sabuntawa ta Windows da aka yi a kusa da ranar. Cikakken bayanin yana cikin Event Viewer, a ƙarƙashin Windows Logs sannan Application, a bayanin da ke ɗauke da lamba 1000 da suna Application Error. Layuka biyu ne suka fi muhimmanci a cikinsa, wato Faulting module name, wanda ke faɗin ɓangaren da faɗuwar ta auku a cikinsa, da Exception code, wanda ke faɗin irin faɗuwar. Lambar 0xc0000005 tana nufin manhajar ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a yarda ta taɓa ba, 0xc0000409 tana nufin an kashe ta nan take saboda wani binciken tsaro ya ga abin da bai gamsu da shi ba, 0xc0000022 tana nufin an hana ta izini, 0xc0000135 kuma tana nufin wani fayil da take dogaro da shi ya ɓata. Waɗannan lambobi ba hukunci ba ne, domin ta farkon musamman tana fitowa a faɗuwa iri-iri da ba su da alaƙa da tsaro, amma idan aka haɗa su da ranar da matsalar ta fara suna nuna inda za a dosa. Ki ɗauki hoton wannan bayani da wayarki, zai yi miki amfani nan gaba.

Lambobi biyun farko suna kai mu ga wanda nake zargi na biyu, wato Exploit protection, wanda ke cikin App & browser control. Wannan tarin dabaru ne da ke wahalar da masu kutse wajen amfani da kurakuran manhaja. Wasu daga cikinsu tsofaffi ne, kamar DEP da ya zo da sabuntawar Service Pack 2 ta Windows XP a 2004 domin hana gudanar da umarni daga wuraren ƙwaƙwalwa da aka keɓe don bayanai kawai, da ASLR da ya zo da Windows Vista domin sauya wurin da ake loda manhaja a ƙwaƙwalwa, ta yadda mai kutse ba zai san inda zai kai hari ba. A shafin System settings yawancinsu a kunne suke zuwa, amma akwai ɗaya da Microsoft ta bar shi a kashe da gangan, mai suna Force randomization for images, wanda ake kuma kira Mandatory ASLR. Shi wannan yana tilasta sauya wuri har ga manhajojin da ba a gina su da shirin hakan ba, kuma tsohuwar manhajar da take tsammanin samun kanta a wani takamaiman wuri a ƙwaƙwalwa takan faɗi tun kafin ta gama tashi. Mutumin da ya shiga yana kunna duk abin da ya tarar a kashe da wuya ya tsallake wannan.

Hanyoyi biyu ne a nan. Ko dai a mayar da wannan saiti zuwa Use default a sake kunna kwamfutar, wanda hakan mayar da shi ne kawai yadda ya zo, ko kuma, idan ƙanenki yana son ya ci gaba da aiki a kan sauran manhajoji, a shiga shafin Program settings, a danna Add program to customize, a zaɓi Choose exact file path, a nuna fayil ɗin manhajar, sannan a gaban wannan saiti kaɗai a sa alama a Override system settings a kashe shi. Domin sanin inda fayil ɗin yake, ki danna tambarin manhajar da madannin dama na linzami ki zaɓi Open file location. Na fi son a nuna cikakken wurin fayil a kan a rubuta suna kawai, saboda idan suna kawai aka rubuta, duk wata muguwar manhaja da ta ari wannan suna za ta ci moriyar sassaucin. Ki canza abu ɗaya, ki gwada, idan bai yi ba ki mayar da shi yadda yake kafin ki taɓa na gaba, kina rubuta kowane canji a takarda. Wanda ya kashe abu biyar a tare manhaja ta tashi bai san wanne ne mai laifin ba, kuma ya bar huɗu a kashe ba gaira ba dalili.

Akwai wasu matakai biyu da ba sa karɓar sassauci ga manhaja ɗaya, don haka hukuncinsu daban ne. Na farko shi ne Memory integrity, a ƙarƙashin Device security sannan Core isolation, wanda ke hana direbobin da ba su cika sharuɗɗa ba shiga zuciyar Windows (direba a nan ƙaramar manhaja ce da ke haɗa Windows da wata na'ura). Wannan ya shafe ki ne idan manhajarki tana da makullin lasisi da ake sokawa a ramin USB, domin irin wannan makulli yana aiki ne da direba, kuma idan aka hana direban lodawa manhajar za ta ga kamar ba ta da lasisi ta rufe. Maganin da ya dace shi ne a samo sabon direba daga kamfanin da ya yi makullin ko manhajar. Idan ƙarshen wata ya matsa kuma sabon direban bai samu ba, za ki iya kashe wannan mataki ɗaya na ɗan lokaci ki gama albashi, da sharaɗin ki rubuta ranar da za ki mayar da shi. Na biyu shi ne Smart App Control, wanda ya zo da Windows 11 a 2022, yake tare manhajojin da ba su da sa hannun dijital kuma ba a san su ba. Shi yakan nuna saƙo idan ya tare abu, saboda haka ban fi zarginsa ba, kuma ina ba ki shawara kada ki kashe shi don gwaji kawai, domin a yadda ya fara fitowa, idan aka kashe shi ba ya kunnuwa sai an sake ɗora Windows.

Idan kuwa abin da kika tarar a Protection history shi ne an killace wani fayil na manhajar a matsayin mai cutarwa, to a nan ne ake buƙatar natsuwa fiye da ko'ina. Rigakafi yakan yi kuskure a kan tsofaffin manhajoji, amma kuma yakan faɗi gaskiya, kuma fayil ɗin da yake lafiyayye a da yana iya kamuwa daga baya. Kin ce da lasisi aka sayi manhajar, wannan ya rage damuwa, sai dai tambayar ita ce daga ina kika samo fayil ɗin da kika sake ɗorawa da shi. Idan daga faifan asali ne ko daga shafin kamfanin da ya yi ta, madalla. Idan wani ne ya turo miki ko an sauke shi daga wani shafi na daban, kada ki fito da abin da aka killace, ki nemi na asali. Ki danna fayil ɗin ɗorawar da madannin dama ki shiga Properties ki duba ko akwai shafin Digital Signatures mai ɗauke da sunan kamfanin, ko da yake rashinsa a tsohuwar manhaja ba hujja ba ce ta cuta. Idan kin gamsu, ki fito da fayil ɗin, ki sanya shi shi kaɗai a cikin Exclusions. Kada ki taɓa sanya dukan faifan C ko foldar Downloads ko Documents a wannan jeri, domin duk abin da ke cikin wurin da aka keɓe rigakafin ba ya ƙara duba shi.

Za ki ji wasu suna cewa a buɗe manhajar da Run as administrator. Babu laifi a gwada sau ɗaya, domin idan ta tashi ta haka an gane cewa matsalar ta izinin folda ce, wataƙila tana son rubutu a cikin Program Files inda Windows ta taƙaita rubutu, kuma maganin shi ne a mayar da bayananta wata folda da kike da izini a kanta. Amma ba na son ki mayar da wannan ɗabi'ar kullum, saboda manhajar da ke gudana da cikakken iko duk kuskuren da ke cikinta yana iya shafar kwamfutar baki ɗaya. Haka nan ki tambayi ƙanenki ko ya ɗora wani rigakafi na daban. Irin waɗannan sukan cusa wani ɓangare nasu cikin kowace manhaja da ta tashi domin sa ido, kuma idan sunan da ke gaban Faulting module name na wannan rigakafin ne, to a cikin saitinsa za a nemi gyara, ba a cikin Windows Security ba. Idan kuma kika ga rubutu yana cewa hukumar wurin aikinki ce take kula da wani saiti, kuma madanninsa ya dushe ba ya dannuwa, kada ki nemi hanyar zagaye shi, ki kai wa mai kula da kwamfutocin kamfanin hoton da kika ɗauka.

Ki zauna tare da ƙanenki ku yi wannan aiki, tunda shi ne ya san abin da ya kunna, kuma tunawarsa za ta rage muku rabin binciken. Ku fara da Controlled folder access, sannan Mandatory ASLR, domin ina kyautata zaton ɗayansu ne, kuma kowannensu gyaransa bai wuce 'yan mintoci ba. Bayan an biya albashi, ki rubuta wa kamfanin da ya yi manhajar, ki aika musu da lambar fitowar da kike amfani da ita, da hoton bayanin Event Viewer, da sunan saitin da ya tare ta, ki tambaye su ko suna da sabuwar fitowa da aka gwada a kan Windows 11. Idan sun daina kula da ita, ki sanar da shugabannin kamfaninku a rubuce cewa lissafinsu yana kan manhajar da ba a gyara ta kuma, domin su fara shirin kwashe bayanan zuwa wata tun tana iya buɗewa.